Damin Tudun Jadi

Ku da kuke zagaya ƙauyuka yanzu da salula a hannu, kuna latsa amsa tana isa Yamai kafin ku shanye ruwan da aka kawo muku, na ji ɗayanku rannan yana cewa aikin tattara labarin damina ba shi da wata wahala, lamba ce kawai a rubuta a aika. To, madalla. Ni Tsahiru na yi wannan aiki tun ina saurayi har gemuna ya yi fari, a ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Lambar nan da kuke rainawa na ga ta ciyar da gari, na kuma ga ta hana gari abinci. Ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni shi ne karanta ma'aunin ruwan sama a Korgom, ƙarƙashin wani dattijo, Malam Garba. Ma'aunin ba wani abin kallo ba ne. Gwangwani ne mai mazurari a baki, an ɗora shi kan sanda a fili, nesa da itace da katanga, sai kwalba mai zanen milimet da ake juye ruwan a ciki. Kowace safiya, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, sai ka je. Ka juye, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ka karanta. In ka karanta a tsaye, Malam Garba zai ɗauki kaye, littafin da muke rubutu a ciki, ya ƙwala maka a ƙeya. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifiri. Ranar da ba ka je ba ka ja layi, kada ka kuskura ka sa sifiri. Na ce masa, "Baba, duk ba ɗaya ba ne? Babu ce ai." Ya ce, "Sifiri, sama ce ba ta zo ba. Layi, kai ne ba ka zo ba. Kada ka ɗora wa sama lalacinka." Wata uku ƙeyata tana shan kaye kafin ya yarda ya bar mini ma'aunin.

Daga baya aka maida ni buro, wato ofis, a Tasawa, aka ba ni ɗan babur da muke ce wa mobilet, aka ce ga ƙauyuka nan. Daga Baudeta zuwa Korgom, daga Urafan har cikin ƙasar Mayahi. Kayan aikina kaye ne da bik biyu na rubutu, igiyar awon gona, bidon isansi, wato jarkar fetur, ɗaure a baya, da kayan liƙin taya, don ƙaya ba ta san ma'aikacin gwamnati ba. Kowane kwana goma in tattaro lambobin ruwa daga masu tsaron ma'auni, in duba ko hatsi ya tsiro, ko ya yi kara, ko ya fidda kai, ko fara ta sauka. Ran kasuwa in rubuta abin da aka kawo, daga ina, da yadda tiyar hatsi take. In kaka ta yi, in bi gida-gida ina tambayar dami nawa aka ɗaure, baki nawa ke ci a gidan.

Ƙidayar baki ma sana'a ce mai zaman kanta. In maigida ya zaci maganar haraji ce, gidan mutum goma sha biyar sai ya koma shida. In ya ji ƙanshin taimako, har wanda ya tafi ci-rani shekara uku sai an ƙirga shi. Ni ba na musu da kowa. In nemi ruwan alwala, in saci kallon ƙoren fura da aka kife a kan danga, in saurari taɓare nawa ke sauka a turmi. Wannan ba wanda ya koya mini, kuma ba wanda ya taɓa yaba mini a kansa. Duk abin da na samo in loda a jaka, in kai buro, in zube a kan tebur.

A bayan teburin nan kuwa akwai Lawali.

Bari in gaya muku tun yanzu, na yi wa Lawali hassada, kuma ba 'yar kaɗan ba. Lakkol ɗaya muka yi, wato makarantar boko, aji ɗaya, kuma a lissafi ni ne a gabansa, kowa ya sani. Amma da aka zo rabon aiki, shi aka ba tebur da inuwa da mashin ɗin lissafi mai hannu da akwatin kiriyon, wato fensira, masu launi, ni aka ba rana. In dawo wandona duk ƙarangiya, leɓena ya tsage, in iske shi da farar riga ko ɗigo babu, yana feƙe kiriyon. Rahoton da ake aikawa Maraɗi ta rediyon buro, sunansa ne a ƙasa. Kumandan, wani kapiten ne don a lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa, yana ce masa Mushe Lawali, kiran girmamawa na Faransanci. Ni kuwa, "kai mai mobilet".

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya iya aikin. Da raggo ne da na samu sauƙi. Abin da nake zube masa tarkace ne, ruwa daga nan, dami daga can, baki daga wani wuri. Ba wanda zai kalli tarin nan ya san ko a aika da hatsi ko kada a aika. Shi sai ya jera su gari-gari a babbar takarda, ya fara da tankaɗe, ya ware duk lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba. Sannan ya juya dami ya koma tiya, ya raba da bakunan garin, sai ga amsar da kowa ke nema, wato abincin garin nan wata nawa zai kai su. Daga nan ya je ga taswirar da ke manne a bango ya shafa launi. Kore, za su ga sabon hatsi da nasu. Rawaya, za su yi tangal-tangal tsakiyar damina. Ja, a kai musu ɗauki. Kumandan ba ya karanta kayena, ina ya ga lokaci. Minti biyu zai tsaya gaban taswira da hannu a baya, ya ce kamyo, babbar motar kaya, ya nufi nan da can. Wahalata ta wata guda ke nan ta zama minti biyu, kuma Lawali ake ce wa sannu da aiki.

Akwai wata damina da na kawo masa lambobin wani ƙauye kusa da Baudeta. A lokacin gidan rediyo yana karanta sunayen garuruwan da suka samu ruwa da milimet ɗinsu. Mutane su taru su saurara, in an ambaci garinsu har guɗa ake yi, 'yan kasuwar hatsi kuma su kasa kunne don su san ko su fidda buhu ko su ɓoye. Lawali ya dubi takardar, bai kai minti ba ya ce, "Tsahiru, wannan ruwan daga buta ya sauko." Na ce ban gane ba. Ya nuna mini garuruwa huɗu da ke kewaye, duk sifiri a ranar, shi kaɗai ya sha ruwa, kuma sau uku a jere lambar tana cika cif ba ɓurɓushi. Na koma na matsa wa mai tsaron ma'aunin, ya amsa cewa maigarinsu ne ya gaji da jin sunan maƙwabta a rediyo. Ni da na tsaya a gonarsu da ƙafata ban lura ba, wanda bai bar kujera ba ya gani. Kwana biyu ban yi masa magana ba, shi bai ma san ina fushi ba.

Sai shekarar babban fari ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani. Wasu sun yi shuka sau uku ba su ɗaure ko dami biyar ba. Da kaka ta yi aka tura ni ƙidaya, aka ce daga ita za a fidda jerin garuruwan da za a kai wa hatsin taimako, wanda ba ya cikin jerin ba zai ga ko tsaba ba.

Tudun Jadi ƙaramin ƙauye ne arewa da Urafan. Maigarinsu, Maigari Nomau, dattijo ne da nake sauka a gidansa shekara da shekaru, Baba nake ce masa. Su sun samu ruwa mai ƙarfi sau biyu tsakiyar damina wanda maƙwabtansu ba su samu ba, hatsinsu ya yi kara, ya fidda zangarniya dogaye. Da na bi gidaje, lambar dami ta fito kusan ta shekarar ƙalau. Na ce alhamdu lillahi, gari ɗaya dai ya tsira.

Ina shirin tafiya wani dami ya tare mini hanyar mobilet a gindin rumbun Maigari, na sunkuya in kawar da shi. Damin kirki sai ka yi nishi kafin ka ɗora shi a kai. Wannan da hannu ɗaya na ɗaga shi. Na zaro zangarniya na murza, sai ƙaiƙayi da kashin tsutsa. Ashe ruwa ya ɗauke musu daidai lokacin da hatsi zai yi ƙwaya, ɗan abin da ya yi kuma murzuna, tsutsar nan mai bin zangarniya, ta cinye.

Ku da ba ku yi noma ba, ku gane wani abu. Manomin ƙasarmu ba ya sussuke hatsinsa ran girbi. A zangarniya yake ɗaure shi ya zuba a rumbu, mata su riƙa ɗiba suna sussukawa kullum. Don haka da dami yake ƙidaya, da dami yake fidda zakka, da dami ake sanin wane ne namiji a gona. Mutumin da ya saba shigo da dami ɗari a idon gari ba zai yarda a ga ya shigo da ashirin ba. Duk abin da ya fidda kai sai ya yanke ya ɗaure, igiya ɗaya, girma ɗaya. Ba ƙarya suka yi mini ba. Dami na tambaya, dami suka faɗa. Takardarmu kuma ba ta da gurbin abin da ke cikin damin, domin a buro an riga an yanke cewa kowane dami tiya shida ne, da shi Lawali ke lissafi tun ran da aka ba shi teburin.

Na ce a sussuka mini guda. Maigari ya sa aka shiga da shi cikin gida don kada a gani. Da aka sheƙe aka auna, tiya biyu ba ta cika ba.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ce, "Ɗana, duk garin haka ne. Kowa ya san na rumbunsa, ba wanda ya gaya wa wani."

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Ka tambaye ni ne?" Ya ture ƙwaryar gefe. "Magidanta sun fara maganar a tashi a yi kudu tun dabbobi na da ƙarfin tahiya. Me zan ce masu?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ka ce kada kowa ya motsa. Na gani da idona, na rubuta, gobe yana kan teburin kumandan. Kamyo zai zo."

Na rubuta ɗin kuwa, a bayan kayena, da ranar da komai.

A hanya ne shaiɗan ya hau bayan mobilet ɗin. Na tuna an sa babban taro nan da mako biyu, kumandan da sarakuna da baƙi daga Maraɗi, inda Lawali zai tsaya gaban taswirarsa da sanda yana bayani. Na hango kaina ina miƙewa daga can baya da damin Tudun Jadi a hannu ɗaya, ina cewa, "Mon kapiten, ga koren da Mushe Lawali ya shafa." Na hango fuskar Lawali. Wallahi har murmushi nake ni kaɗai a cikin yashi. Na ce mako biyu ba zai kashe kowa ba, suna da na ci har lokacin.

Washegari na miƙa masa takardu. Ya juya mashin ɗinsa, ya dubi amsar, ya ɗago.

"Gari ɗaya kore a tsakiyar ja, Tsahiru? Su ba su da ma'aunin ruwa, ba ni da abin da zan gwada da shi. Kai ka je. Akwai abin da idonka ya gani wanda ba shi da gurbi a takardar?"

Na ce, "Ruwa biyu suka samu da maƙwabta ba su samu ba. Karan hatsinsu ya fi ni tsawo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya ɗauki koren kiriyon. Ina tsaye a kansa ya shafa.

Taron ba a yi shi ba. Kwana huɗu bayan haka, ina can ƙasar Mayahi ina ƙidaya, saƙo ya zo daga sama cewa a aika jerin garuruwa cikin kwana biyu. Na dawo na iske an karanta shi ta rediyon buro, an rufe. Tudun Jadi ba ya ciki. Ku ba ku san zamanin ba. Sojojin nan ba su da wasa a kan maganar yunwa, ma'aikacin da aka kama ya danne labari irin wannan, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Kowace safiya in ce yau zan faɗa, in shiga buro in ga farar rigar nan, in fasa. Tsoro ne, amma ba tsoro kaɗai ba, na kasa haɗiye cewa gabansa zan sunkuyar da kai. Na daina bin hanyar Tudun Jadi. In aikin Urafan ya taso, in yi na kasuwa in juyo, ina sunne kai kada wani ɗan garin ya gan ni.

Kasuwar ce ta tona ni, kuma da hannuna. Bakina ya iya ɓoye magana, amma ban iya rubuta ƙarya a kaye ba, Malam Garba ya riga ya lalata ni. Abin da na gani ana sayarwa na rubuta, da garin da ya fito, Lawali kuma yana jerawa mako bayan mako. Wata safiya ya rufe ƙofar buro, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in zauna.

Ya ce, "Mutanen Tudun Jadi sun sayar da bunsurai, ban damu ba. Sun sayar da raguna, na ce ko biki ne. Makon nan akuyoyi masu ciki suka kawo, da ƙyauren ɗaki, da hauyoyi, kuma dusa suke saye. Garin da rumbunsa ke cike ba ya sayar da akuya mai ciki. Ba ni kayenka na kaka."

Na ba shi. Ya bi shafi-shafi har ya kai baya. Ya karanta, ya dubi ranar da ke sama, ya ƙirga da yatsa. Wata biyu da kwana goma sha ɗaya. Ina jiran zagi, har na shirya amsa, zan tambaye shi shekara nawa ya yi yana cin gumina. Bai ba ni wannan damar ba. Ya rufe kayen ya miƙo mini ya ce, "Nemo tiya. Duk garin da na shafa wa kore za a sussuka dami uku a auna."

Ya shiga wurin kumandan shi kaɗai. Ina waje ina jin tsawa ta taga. Ya ce lissafinsa ne ya kuskure, ya ɗauki dami tiya shida a shekarar da ba haka take ba. Sunana bai fito ba. Kumandan ya wanke shi tas, ƙarin girman da ake shirin yi masa kuma ya bi ruwa. Abin da na yi ta mafarki ke nan, a kunyata Lawali, ga shi an yi, ni kuma ina tsaye a rana ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A makon nan ya ja sabon layi a takardar ƙidaya da hannunsa, tiya nawa dami ya bayar, kuma da shi aka gano ƙarin garuruwa biyu masu irin ciwon Tudun Jadi. Gurbin yana cikin salularku har yau, na gani, shi kuke tsallakewa in kuna sauri.

Aka sa su a jeri na biyu, amma jeri na biyu ba ya gudu kamar na farko. Sai da bazara ta kama sosai aka samu kamyo. Lawali ya ce zai bi shi, karo na farko da na gan shi zaune a kan buhuna a bayan mota.

Muka iske Tudun Jadi shiru. Rumbuna a buɗe, an yaye jinkar wasu an ba dabbobi. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Waɗanda suka fito tarbarmu tsofaffi ne da mata, a hankali suke takawa. Maigari Nomau yana zaune gindin danga, rigar da na san ya cika ta yanzu tana lilo a jikinsa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ka zo, ɗana."

"Na zo, Baba."

"Na ce masu za ka zo. Waɗanda suka ƙi jin maganata suka tashi tun kaka, an ce sun isa kudu da dabbobinsu lahiya. Waɗanda suka ji maganata su ne suka zauna har suka cinye iri, dabbobi suka mutu a turke. Da suka tashi daga baya a ƙafa suka tahi, ba ko jaki." Ya nuna wajen maƙabarta da haɓa. "Ƙananan kaburburan can bakwai na gidajen da suka ji maganata ne. Biyu jikokina."

Na kasa ɗaga kai. Ya dafa kafaɗata, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

"Ban zarge ka ba. Na san aikin gwamnati, ƙarami ya kai magana, manya su zauna a kanta. Na gaya wa mutane Tsahiru ya kai saƙonmu washegari. Ka kai, ko ba haka ba?"

Lawali yana bayana da takardar rabo a hannu. Kafin in motsa harshe ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Ya kai, Baba. Ni ne mai lissafi a buro. A teburina maganar ta kwana."

Maigari ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kau da kai, bai amsa gaisuwarsa ba. Ni ya sa wa albarka. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya aka miƙa mini, ni kaɗai. Lawali ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya je ya kama sauke buhuna tare da shofer, direban motar.

Ban gyara maganar a ranar ba, ban kuma gyara ta ba har Maigari ya rasu, har Lawali ya bi shi. Na sha ruwan. Kuma ku ji irin zuciyar da nake da ita: ina riƙe da ƙwaryar, ina kallonsa yana tafe da buhu a kai, abin da ke cin raina shi ne ko a nan ma ya fi ni.